Banza Ba Ta Kai Zomo Kasuwa: Raddi Kan Sayen Kayan Kwamfuta Masu Araha Don Matsa Musu Gudu

Akwai wata shawara da ta daɗe tana yawo a tsakanin masu haɗa kwamfuta da hannunsu, tun daga shagunan gyara har zuwa majalisar matasa masu wasannin kwamfuta da masu tace bidiyo. Ga yadda take: kada ka ɓata kuɗinka kan furosesa mai tsada, nemi mafi araha, ka haɗa shi da duk kayan da suka sawwaƙa, sannan ka shiga bayos ka ɗaga masa gudu, sai ya kamo na masu kuɗi. Wannan aiki shi ne obakulokin, wato tilasta wa furosesa ko katin hoto ko ram yin gudu sama da wanda kamfani ya yanka masa. Masu ba da wannan shawara ba mayaudara ba ne. Da yawansu ƙwararru ne da suka ga abin da idonsu, kuma burinsu shi ne su sauƙaƙa wa mai ƙaramin ƙarfi. Ina ganin girmansu, ina kuma yaba niyyarsu. Sai dai ina da yaƙinin cewa zamani ya wuce shawarar, kuma binta a yau ya fi cutar da wanda aka yi ta dominsa.

Bari in fara da ba su haƙƙinsu, domin tarihi yana bayansu. A watan Agustan 1998 kamfanin Intel ya fitar da Celeron 300A mai gudun megahaz 300, a kan kuɗin da bai kai dala 200 ba. Ba a jima ba masu kaifin ido suka gano cewa in aka sauya lamba ɗaya a madabod, daga 66 zuwa 100, sai ya koma 450 lafiya lau. A wancan lokaci Pentium II mai gudun 450 ya haura dala 600. Ƙarin kashi 50 cikin 100 ke nan ba tare da ƙarin sisi ba. A shekarar 2000, masu Athlon da Duron na kamfanin AMD da fensir suke buɗe ƙullin gudu, ta hanyar zana layi tsakanin wasu 'yan ƙananan mahaɗai da ke jikin furosesan. A 2011 Core i5-2500K ya zo da gigahaz 3.3, mutane da yawa suka kai shi 4.5 da fanka kawai, suka kuma yi shekaru suna cin moriyarsa. A 2014 an yi Pentium G3258, ɗan ƙaramin abu mai araha da ke tashi daga 3.2 ya wuce 4. Ko a 2017, mai sayen Ryzen 7 1700 a dala 329 yana iya matsa shi ya yi kafaɗa da kafaɗa da 1800X mai dala 499. Duk wanda ya rayu cikin waɗannan shekaru yana da hujjar yarda da abin da ya yarda da shi.

Amma mene ne ya sa abin ya yiwu? A masana'anta, ana yanko furosesa masu yawa daga faranti ɗaya na silikon, sannan a gwada kowanne a ware su daki-daki gwargwadon ƙarfinsu. Masu sayen mai araha sun fi masu sayen mai tsada yawa nesa ba kusa ba. Saboda haka idan sana'ar ta nuna, kusan duk abin da aka ƙera ya fito da kyau, dole kamfani ya ɗauki masu ƙarfi ya rage musu gudu ya manna musu ƙaramin suna domin ya cike kasuwar masu ƙaramin kuɗi. Ƙarfin yana nan kwance a ciki, an dai rufe shi ne. Mai obakulokin bai ƙirƙiri komai ba. Ya buɗe abin da aka rufe ne kawai. Muhimmiyar tambaya ita ce: har yanzu akwai abin da ke kwance a ciki?

Abu na farko da ya sauya shi ne an sa wa ƙofar farashi. Tun daga 2011, a ɓangaren Intel, wanda ke son ɗaga gudu yadda ya ga dama galibi sai ya sayi furosesa mai harafin K a ƙarshen lambarsa, kuma sai ya haɗa shi da madabod na musamman, wanda a yau shi ne jerin masu harafin Z. Dukansu sun fi takwarorinsu tsada. Bugu da ƙari, masu K na wannan zamani ba sa zuwa da fanka a kwalinsu, sai ka saya daban. AMD ya fi sassauci, domin kusan duk Ryzen na tebur a buɗe suke, amma shi ma mafi arahar madabod ɗinsa, masu harafin A irin su A320, ba sa ba da damar ɗaga gudun furosesa. Ke nan wanda ya bi shawarar nan sau da ƙafa, ya tsinto mafi araha a kowane fanni, yana iya isa gida ya tarar ma babu wurin da zai taɓa a bayos ɗin.

Abu na biyu ya fi wannan girma: furosesan yau da kansa yake matsa wa kansa gudu. Intel ya shigo da Turbo Boost tun 2008, AMD kuma yana da Precision Boost. A cikin furosesa akwai na'urorin auna zafi da wuta masu tarin yawa, kuma sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya yana duba su, ya ɗaga gudu in akwai sarari, ya sauke in babu. Gasar da ke tsakanin kamfanonin biyu ta sa kowanne ya tatse kayansa tun kafin su bar masana'anta. Core i9-13900KS ya fito a farkon 2023 yana taɓa gigahaz 6 ba tare da kowa ya taɓa shi ba, 14900KS kuma ya zo a 2024 da 6.2. A kan Ryzen na zamani, wanda ya ƙulle duk ƙwayoyin furosesa a gudu ɗaya da hannunsa yakan yi asarar tsallen da ƙwaya ɗaya ke yi in an bar ta da kanta, sai ya ga wasu ayyukan ma sun ragu.

Ba ra'ayina kaɗai ba ne wannan. Kasuwa ma ta yi magana. A Amurka an yi wani kamfani mai suna Silicon Lottery wanda sana'arsa ita ce ya sayi furosesa da yawa, ya gwada su, ya ware waɗanda suka fi jure matsi ya sayar da tsada. A ƙarshen Oktoban 2021 ya rufe, kuma cikin dalilan da ya bayar har da cewa sararin ƙarin gudu ya ƙanƙance. A wannan shekarar ce kuma Intel ya daina sayar da inshorar da yake yi wa masu obakulokin. A 2022 AMD ya fitar da Ryzen 7 5800X3D a ƙulle, babu damar ɗaga masa gudu, amma ya shiga sahun gaba a wasannin kwamfuta saboda yalwar ma'ajiyar gaggawa da aka ɗora masa. Sannan a Yulin 2024 Intel ya bayyana cewa wasu furosesansa na zubi na 13 da na 14 suna samun matsala ne saboda wutar da ke shigarsu ta yi yawa, daga baya ya ƙara shekara 2 a kan garantinsu. Da yawa daga waɗanda abin ya shafa ba su taɓa yin obakulokin ba. Wannan ya nuna yadda kayan yau ke fitowa dab da iyakarsu tun daga kwali.

Yanzu mu zo kan lissafin da shawarar ke tsallakewa. Wutar da furosesa ke ci tana tashi daidai da gudunsa, amma game da boltej ninkin-ba-ninkin take tashi, domin sau biyu yake shiga lissafin. Idan ka ƙara gudu da kashi 10 cikin 100, kuma dole ta sa ka ƙara boltej da kashi 10 domin ya tsaya da ƙafarsa, wutar da zai ci za ta ƙaru da kusan kashi 33. Duk wannan wuta zafi take komawa. Kuma ba furosesa kaɗai ke ɗaukar nauyin ba. Akwai sashen madabod da ke tace wuta ya miƙa masa. A madabod mai araha wannan sashe ƙarami ne, sau da yawa ma babu ƙarfen shan zafi a kansa, in ya yi zafi sai ya tilasta wa furosesa saukowa. Akwai fankar da za ta kwashe zafin. Akwai kuma fawa fak, wanda daga gare shi kowa ke sha. Wanda ya buɗe wa babur inji ya bar masa tsohuwar taya da mataccen birki bai sami gudu ba, hatsari ya saya. Kuɗin da aka ce ka tsira da shi a kan furosesa bai tsira ba. Ya koma kan waɗannan ukun ne. In ka biya, arahar ta tafi. In ka ƙi biya, ingancin ya tafi.

A kan fawa fak nake so in fi tsayawa, domin a nan aka fi yi wa mai saye illa. Shi ne abin da ba ya ƙara gudu, ba ya kuma burge ido, shi ya sa ake barinsa ƙarshe a saye shi da canjin da ya rage. Alhali shi kaɗai ne in ya mutu yake iya tafiya da madabod da katin hoto da faifan ajiya a lokaci ɗaya. Lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikinsa ba ita ce abin dubawa ba. Duba layin bolt 12, wanda furosesa da katin hoto ke sha daga gare shi, ka ninka amfiyarsa da 12: in an rubuta 40, wat 480 ke nan. Za ka sha ganin wanda aka yi wa laƙabi da wat 500 amma layin nan nasa bai kusanci haka ba. Tambarin 80 Plus ma shaida ce ta cewa ba ya ɓarnar wuta da yawa, ba shaidar ingancin kayan cikinsa ba ce. A nemi na kamfanin da aka sani, mai garanti, mai kariya daga hawan wuta da gajeren haɗi.

Sai kuma abin da ya shafe mu mu da ke wannan yanki. Yawancin gwaje-gwajen da ake nunawa a intanet a ɗakuna masu sanyi ake yinsu, masu digiri 20 da 'yan kai. Mu kuwa a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, bazara tana kai mu digiri 40 har ta wuce. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗaki take turawa, don haka kusan duk digirin da ɗaki ya ƙara sai furosesa ya ƙara shi. Iyakar yawancin furosesan zamani tana tsakanin digiri 90 da 100, in sun isa nan sai su rage gudu don kare kansu. Saitin da ya zauna daram a hunturu yana iya fara kashe kwamfuta a watan Afrilu. Ga ƙurar hunturun kanta da ke toshe haƙoran ƙarfen sanyaya. Ga wutar da ke hawa da sauka, da sauyi tsakanin ta gwamnati da janareta. Ga kuɗin wutar: a Afrilun 2024 an mai da farashin masu rukunin A a Najeriya naira 225 kan kowane yunit, mai sola kuma ya san darajar kowane wat da batirinsa ke bayarwa. A irin wannan hali, kuɗin da za a kashe don neman ƙarin gudu kaɗan ya fi amfani a kan UPS ko sitabilaiza mai kyau.

Kasuwarmu ma tana da nata yanayin. Daga titin Beirut a Kano zuwa Banex a Abuja da Computer Village a Ikeja, kaso mai yawa na kwamfutocin tebur masu sauƙin kuɗi na hannu ne, waɗanda ofisoshin ƙasashen waje suka sallama, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk. Kaya ne masu ƙarko, kuma ina ba da shawarar su ga ɗalibi da mai ofis. Amma bayos ɗinsu a rufe yake, fawa fak ɗinsu daidai bukatarsu aka yi shi, da yawansu ma mahaɗin wutarsu na daban ne. Ba don matsi aka yi su ba. Haka kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda zafi ke hana ta ko riƙe gudun da aka rubuta mata. Shi kuwa tsohon furosesa mai K da aka samu a araha, ba ka san abin da ya gani a hannun mai shi na farko ba. Boltej mai yawa na tsawon shekaru yana cin silikon a hankali, sai ka ga yana bukatar ƙarin wuta kafin ya yi abin da a da yake yi cikin sauƙi, kuma ido ba ya ganin wannan. A fannin katin hoto, bayan an daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum a Satumban 2022, katunan da suka yi aiki dare da rana wajen haƙarsa sun cika kasuwannin duniya. Akwai kuma na jabu, tsofaffin katuna da ake sauya wa suna su fito a matsayin GTX 1050 Ti. Mai farautar mafi araha shi ne farkon wanda irin waɗannan ke faɗawa hannunsa.

Na san wani zai ce, ai ni na yi kuma ta yi. Na yarda da shi. Amma furosesa biyu masu suna ɗaya, daga kwali ɗaya, ba sa jure matsi iri ɗaya. Sa'a ce, kuma ba a gina kasafin kuɗi a kan sa'ar wani. Sannan me ake nufi da ta yi? Kwamfuta ta kunnu ta shiga Windows ba shi ne shaida ba. Shaida ita ce ta yi sa'o'i a ƙarƙashin manhajar gwaji irin su Prime95 ko OCCT, ram ya tsallake MemTest86 babu kuskure ko ɗaya, kuma a yi gwajin da zafin rana. Mai tace fim da ya bar aiki yana fita cikin dare, ya wayi gari ya tarar ya tsaya a tsakiya, ya yi asarar abin da ya fi 'yan mintunan da ya so ya rage. Mafi muni shi ne kuskuren da ba ya nuna kansa, wanda ke lalata fayil a ɓoye sai bayan makonni a gane. Kada kuma a manta cewa sharuɗɗan garantin kamfanonin nan ba su ɗauki nauyin ɓarnar da obakulokin ya jawo ba.

Wani kuma zai ce shi don sha'awa yake yi. Wannan ba ni da ja da shi ko kaɗan. Fanni ne mai daɗi da koyarwa, kuma mutum yana fahimtar yadda wuta da zafi da gudu ke cuɗanya fiye da yadda zai karanta a littafi. A ƙarshen 2022 wasu gwanaye sun tsallake gigahaz 9 da Core i9-13900K, suna sanyaya shi da ruwan hiliyom. Abin a jinjina musu ne. Amma wannan wasa ne na gwaninta, kuma masu yinsa sun san kashe kuɗi suke yi. Wanda ke son koyo ya samo tsohuwar kwamfutar da in ta mutu ba zai yi kuka ba, ya yi ta gwaji. Abin da nake ƙi shi ne a sayar wa mai neman abinci da kwamfutarsa wannan wasa da sunan tattali.

To ina gaskiyar da ta rage a cikin shawarar? Tana nan, kuma mai daraja ce: ƙanin furosesa mai tsada yakan fi shi riba. Ryzen 5 5600 ya fito a 2022 a dala 199, yayansa 5600X kuwa a dala 299 ya fito a 2020. Ƙwayoyinsu shida-shida ne, bambancin ƙololuwar gudunsu megahaz 200 ne kacal, 4.4 da 4.6, bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Core i5-12400F a ƙulle yake, amma ya zo da fankarsa, yana zama a madabod mai sauƙin kuɗi, yana kuma yin aikin da ya ishi mafi yawan mutane. Saboda haka a sayi ƙanin, amma don ya riga ya kusa, ba don za a matsa shi ba.

Akwai kuma ƙarin gudu na gaskiya da ke kwance a kwamfutoci da yawa ba a taɓa ba. Ram na DDR4 da aka sayar a matsayin 3200 yakan tashi a 2133 ko 2400 har sai an kunna saitin XMP a bayos. A sabbin kayan AMD masu DDR5 sunansa EXPO. Tun daga B560 a 2021, madabod ɗin Intel masu matsakaicin kuɗi ma suna ba da wannan dama. Ram biyu masu gigabait 8 sun fi guda ɗaya mai 16, domin hanya biyu suke buɗewa, kuma bambancin ya fi fitowa ga wanda ba shi da katin hoto na daban. Sauya tsohon faifai mai juyawa da SSD yana canza kwamfuta fiye da duk wani obakulokin. Sannan ga abin da ya fi dacewa da ƙasa mai zafi, wato rage boltej maimakon ƙara shi. Da Curve Optimizer a kan Ryzen, ko MSI Afterburner a kan katin hoto, ana iya rage wutar da ke shiga, zafi ya sauka, sai na'urar da kanta ta sami sararin riƙe gudunta na tsawon lokaci. Shi ma yana bukatar gwaji, amma ba ya cin rayuwar kaya. Busa ƙura da sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ma sukan dawo da gudun da zafi ya ƙwace.

Ga mai shirin zuwa kasuwa, zagayawa da taya farashi abu ne mai kyau, amma a yi shi da tsari. A fara da tambayar wane aiki kwamfutar za ta yi. A rubuta duk kayan a takarda ɗaya, a kwatanta jimillar kuɗin haɗin gaba ɗaya, ba farashin abu ɗaya ba. A ware kuɗin fawa fak da kariyar wuta tun farko. A tabbatar furosesa da madabod da ram sun dace da juna kafin a biya. In kayan na hannu ne, a roƙi mai shago ya kunna a gabanka: CPU-Z da GPU-Z su tabbatar da sunan, CrystalDiskInfo ya faɗi lafiyar faifai, HWiNFO ya nuna zafi yayin da ake ba shi aiki mai nauyi. A kuma yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce a rasit. Mai kaya na gari ba ya ƙin wannan.

Ma'aunin da nake roƙon a riƙe guda ɗaya ne. A sayi kowane abu a kan gudun da kamfani ya yi alkawari, a kuma tambayi kai ko wannan gudun, shi kaɗai, ya isa aikin da ke gaba. In ya isa, an yi ciniki mai kyau, duk abin da ya ƙaru daga baya riba ce. In bai isa ba, to ba kayanka ba ne, komai araharsa. Gara ka ƙara haƙuri ka tara cikon kuɗin da ka dogara da ƙarfin da babu wanda ya lamunce maka.